Akwatin Kauɗa da Madaurin Agogo

Hannunsa na fara gani kafin fuskarsa. Ya miƙa shi sama zai manna wata 'yar takarda ruwan ɗorawa a bango, hannun rigarsa ya zame, sai ga agogo mai baƙin madauri wanda ya yi masa yawa, yana lilo a tsintsiyar hannu kamar na aro. Ina can baya a zaune da bik, alƙalamin rubutuna, a baki. Na ce a raina, to, ga shi nan ya iso.

Ni littattafan soyayya suka raine ni. Yayata tana da kwali guda cike da su a ƙarƙashin gado, irin waɗanda 'yan kasuwa ke sarowa daga Kano, bangonsu duk ya yi laushi don shan hannu. Tun ina kolej nake cusa su cikin kaye, littafin rubutuna na lissafi, ina karantawa, Inna tana sa mini albarka don ta ga na duƙufa. A cikinsu na koyi cewa wanda aka rubuta wa mace ba ya sallama kafin ya shigo rayuwarta. Dogo ne, maganarsa kaɗan, kuma a shafukan farko ba ya ko kallon inda take. Mai agogon nan dogo ne. Bai kuma kalle ni ba. Maganar ce kawai ban tabbatar ba, na ce wannan a hankali za a gani.

Muna shekara ta uku a jami'ar garinmu, nan Damagaram, aka kawo mana wani sabon darasi na ƙirƙirar abubuwa tare da mutanen da za su yi amfani da su. Malamar, wadda kowa ke ce wa Madam, tun ranar farko ta sa muka ture tebura gefe, ta raba mana 'yan takardu masu launi, ta ce kowa ya rubuta wata wahala da ya ga mutane suna sha a hanyarsa ta zuwa, ya manna a bango. Ba a jima ba ɗalibai suka raɗa wa abin suna darasin manne-manne. Dokokinta ba su da yawa. A je a saurari mutane tukuna. A dawo a haɗa samfuri da duk tarkacen da aka samu, kada a ɓata lokaci wajen ƙawata shi. A kai musu su kushe, a farfasa a sake.

"In kuka kai abu karon farko aka ce muku ya yi kyau," in ji ta, "ba ku ji komai ba. Ku koma."

Na rubuta wannan a kaye, har na ja masa layi. Sai dai idona yana kan agogo.

Da ta raba mu gurup-gurup sai na faɗa nasa, kuma shi aka naɗa shef, shugaban gurup. Ban yi mamaki ba, haka ake rubutawa. Akwai wasu samari biyu da maki kawai ya dame su, sai wata yarinya daga wajen Guna, Bafulatana, gajera, mai wushirya, kullum bakinta na tauna gyaɗa. Ban ma ƙirga ta cikin labarin ba. A littattafai irinta ƙawar amarya ce, mai kai saƙo.

Zamanmu na farko ke nan, wayar shef ta yi ƙara, ya ɗauka ya yi 'yar magana da Barbarci. Yarinyar ta daina tauna.

"Au, Babarbare ne? Madam! A sake mini gurup. Tun yaushe ake ɗora bawa a kan uwargijiyarsa?"

Bai ko juyo ba ya ce, "Wa ya bar ƙofa a buɗe har 'yar daji ta shigo? Jama'a, kowa ya duba jakarsa."

Aji ya kwashe da dariya, har Madam. Ni ma na yi. Wasan Fulani da Barebari ba baƙona ba ne, kowa ya tashi ya ga ana yi. Babana ma, baduku ne a Birni, tsohuwar unguwar garinmu, in Kanawa suka zo sayen fata sai sun gama zagin juna tas kafin a yi ciniki. Abin da ban sani ba shi ne wasan nan ɗaki ne mai ƙofa, kuma ni 'yar Birni, ba Bafulatana ba, ba Babarbariya ba, a waje nake tsaye.

Ni kuwa Malama yake ce mini. "Malama, me kika gani?" "Malama, a yi haƙuri, a matsa kaɗan." Na kai wa yayata labari a gidan mijinta, tana goyon ɗanta tana tankaɗe. Ta ce ai shi ke nan, namiji ba ya jin kunyar mace sai wadda yake nufi da gaske, waccan mai surutun 'yar rakiya ce. Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Madam ta sanar da mu tun da wuri cewa in darasi ya ƙare, daga kowane gurup mutum biyu za su zauna a ƙauye lokacin babban hutu su ci gaba da aikin: shef, da wanda shef ya zaɓa. Daga ranar na gama rubuta hutun nan a kaina. Bakin tafki da la'asar, inuwar dabino, ni da fararen kaya, shi yana neman kalmar da zai fara da ita. Abin da nake so ke nan daga darasin manne-manne, ba wani abu ba: ya buɗe baki ya zaɓe ni.

An ba mu wani ƙauye kusa da tafkin Gidimuni. Lokacin sanyi ne, lambuna sun yi kore shar, ga rake ga dabino, ga tumatir ya nuna gaba ɗaya har ya fi ƙarfin kasuwa. Matan garin, yawancinsu Barebari ne amma Hausa a bakinsu kamar tamu, sukan yanka shi su shanya a tabarmi a wani fili bayan gari ya zama kauɗa. Awaki su ci, kaji su tona, iska ta watsa masa yashi. Shugabarsu wata tsohuwa ce mai zane a kumatu, ƙamshin turaren wuta na tashi daga zanenta ko a tsakar rana. Iya muke ce mata.

Na sa atamfata mai kyau. Na durƙusa har ƙasa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har da 'yar gaisuwar Barbarci da na roƙi shef ya koya mini a mota. Suka ji daɗi, aka kawo mini kujera 'yar tsugune, aka kawo ruwa a kwanon sha mai murfi. Na buɗe kaye na fara tambaya.

"Iya, me ya fi damunku a aikin nan?"

"Babu komai, 'yata, sai alheri."

"Awakin nan fa?"

"Ai dabba ce, ita ma abincinta take nema."

Bafulatana kuwa ko kujera ba a ba ta ba. Iya ta dube ta sama da ƙasa ta ɗaga murya: "Ku ɗaure awakinku, ga ɓarauniya ta shigo gari!" Ita kuma ta zube a ƙasa cikin mata, ta fizge wuƙa daga hannun wata ta hau yankan tumatir, yanka mai kauri marar kyau. Suka yi mata caa. Wata ta ce hannun da ya saba da tatsa ina zai iya wuƙa, ita ta ce bayi ne ya kamata su iya, ita duba aiki ta zo yi. Ina kan kujerata da ruwana mai murfi, har tausayinta na ji.

Da muka dawo aka zo zane, nan ne fagena. Cikin zanen fata na tashi, hannuna ya san layi tun kafin in san harafi. Na zana akwati mai ƙafafu, gefensa raga, samansa leda mai haske don rana ta shiga, akuya ba ta kai ba, yashi bai shiga ba. Shef ya daɗe yana kallon takardar.

"Malama, gaskiya kin iya zane."

Da wannan maganar na rayu har tsawon wani lokaci. Na juya ta, na auna ta, na kai wa yayata ita ma ta auna.

Madam ta ce a yi da kwali da kara. Ni ina, abin da zai fito daga hannuna ya je gabansa? Na kai wa mai aikin katako na unguwarmu, aka goge, aka shafa shuɗin fenti. Na ɗebi guntun jar fata a shagon Baba na ɗinka masa mariƙi biyu da kaina, da ɗan zanen da muke yi wa jakunkunan mata. Ranar da na shigo da shi aji sai da aka tafa. Madam ta zagaya shi ta sake zagayawa.

"Wannan samfuri ne ko kayan lefe? Wa zai iya buɗe baki ya kushe abu mai kyau haka?"

Na sunkuyar da kai ina murmushi. Yabo na ji.

Don kada ya yi ƙura a mota na lulluɓe shi da sabon zane. A filin shanya na yaye zanen a gaban mata, na ɗauke shi da hannu biyu, na durƙusa na ajiye a gaban Iya. Wata ta rangaɗa guɗa. Iya ta dafa kaina ta yi ta addu'a, Allah ya ba ni miji nagari, Allah ya sa in gama lafiya. Kafin mu tashi aka kawo mini kaza da ƙwaryar dabino tukuici. Na karɓa da murna. Ban tsaya na yi tunani ba cewa abin da aka yaye wa zane, aka miƙa da hannu biyu, aka ba da tukuicinsa, ya tashi daga samfuri ya zama kyauta, kuma a ƙasarmu ba a haifi wanda zai dubi mai kyauta ya ce kyautarsa ba ta yi ba. A mota kaza tana kan cinyata, shef ya waiwayo daga gaba ya yi mini murmushi. Na ce a raina, an kusa tsakiyar littafi.

Da muka koma jin sakamako, filin yana nan yadda muka bar shi: tabarmi, awaki, ƙuda, mata na yanka suna hira. Akwati babu shi.

"Iya, yaya akwatin?"

"Madalla, 'yata, an gode. Allah ya saka da alheri."

"Yana aiki kuwa?"

"Ƙwarai. Yana ɗaki, mun adana shi."

Na rubuta a kaye cewa sun karɓa hannu biyu. Ina cikin rubutun Bafulatana ta miƙe ta ce bari ta je ta ga abin da za ta sata a ɗakin Iya, tun da an riga an yi mata shaida. Iya ta bi ta da zagi. Jim kaɗan sai ga ta ta fito tana riƙe ciki don dariya.

"Shef, zo ka ga danginka! Sun jera kwalaben turare a ciki, sun rufe da leshi! Iya, ashe Barebari ba ku san abin shanya ba, kun mai da shi adakar amarya?"

Iya ta ajiye wuƙa. "Ke, rufe mana baki. Ai na san ke kika ba su shawara, wannan sai kan Bafulatani. Mun zuba tumatir, ya wuni a cikin ledar nan yana gumi kamar mai zazzaɓi, kafin ya bushe ya yi furfura."

"Ƙarya ne, ba ku iya ba ne."

"Ba mu iya ba? Dubi kwandunan da muke yankawa. Wannan ɗan abin naku na miyar gwauro ne."

Sai sauran mata suka shigo. Wata ta ce nauyinsa sai an kira maza, su kuma maza suna lambu. Wata ta ce in kowa ta sami nata akwatin ta kai gida, to da wa za a yi hira, mutum ya zauna shi kaɗai gaban akwati kamar mai takaba? Wata ta ce ita ba akuya ce ta fi damunta ba, bayanta ne, wuni ake a duƙe ana juya tumatir a ƙasa. Duk abin da na yi ta tambaya a kan kujera ban samu ba, ga shi yana zuba kamar an fasa tulu, kuma duk a kan Bafulatana ake zuba shi, ana dariya. Ita kuwa ta dafe ƙirji ta ce, "To, ni na ce a sa ledar, sai me? Ku kashe ni." Ba ita ta ce ba. Kowa a gurup ya san ba ita ba ce.

Wata mata ta lura da ni a tsaye, ta taɓa hannuna. "Ba da ke muke ba, 'yata. Ke kin kyauta."

Akwatin bai yi mini ciwo sosai ba. Shef ne. Ya tsuguna a ƙasa kusa da ita, kaye a gwiwa, yana rubutu da sauri yana share hawayen dariya da bayan hannu, agogon yana lilo. Yana ce mata ƙasa-ƙasa, "Sake tsokano ta, sake tsokano ta, tambaye ta tsayin da suke so." Ban taɓa ganin haƙoransa duka ba sai ranar. Mai ƙarancin maganar da na rubuta wa kaina ashe surutu gare shi, ba dai da ni ba. Kuma ƙaryar da ta yi don ta rufa mini asiri ta fi komai ƙona mini rai. Da ta bar ni na sha kunyata, da na sami abin da zan riƙe a kanta.

Abin da aka koma yi ba shi da kyan gani ko kaɗan. Wani dogon gado ne na kara da itacen lambu, tsayinsa daidai ƙugu, a shimfiɗa tabarma a kai, a yafa tsohon gidan sauro. Mata da yawa za su tsaya a gefensa suna juyawa suna hira. An kafa, mata sun zage shi, an tumɓuke an sake, akuya ta hau an ƙara masa tsayi, Iya ta ce yanzu kuma sai raƙumi, aka rage. Duk wannan da bakin Bafulatana ake jin sa. Ni aka bar mini zanen da za a nuna wa Madam. Ina zaune a inuwa ina zana abin da suke yi a rana, ina jin dariyarsu tana tasowa daga fili. Nakan ɗaga kai in ga ya riƙe itace tana ɗaurewa, tana ce masa riƙe da kyau, bawan banza, yana ce mata da shanu ne da tuni kin ɗaure.

Na fara lura da ita yadda ban taɓa lura da kowa ba. Takalminta na roba ne, ɗaya an ɗinke shi da zare. Ba ta shafa komai a fuska. In ta yi dariya har ganɗarta ake gani. Na bi ta kaf ina neman abin da ta fi ni, ban samu ba, kuma rashin samun bai rage mini komai ba.

Wata rana a harabar jami'a, muna zaune ƙarƙashin itacen bedi muna shirya bayani, na ce bari ni ma in gwada. Na daɗe ina maimaitawa a raina. Bik ɗina yana kusa da shi, sai na daure na ce, "Kai bawa, miƙo mini bik ɗin nan."

Samarin nan biyu suka dubi juna. Shef ya ɗauki bik ya miƙo mini da hannu biyu, fuskarsa ba dariya.

"Malama, na yi miki wani laifi ne?"

Na rasa inda zan sa kaina. Sai Bafulatana ta tofar da ɓawon gyaɗa ta ce, "A'a, 'yar Birni, bawan nan da mai shi. In aike kike so ki nemi izinina, ina ba da haya." Aka fashe da dariya, magana ta wuce. Ta sake ceto na. Har na isa gida ban yafe mata ba.

Lokacin zaɓe ya matso. Na koma ga abin da na sani: a littafi, in baki ya kasa, kyauta ke magana. Na zaɓi jar fata mafi laushi a shagon Baba, na yanka madaurin agogo. Awon tsintsiyar hannunsa ba sai na tambaya ba, na daɗe da haddace shi da ido. Na yi masa ɗinki ƙanana da zare baƙi, na huda ramuka daidai inda agogon zai zauna cif ba lilo. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba, har yau. Na naɗe a takarda, na tare shi bayan darasi na miƙa masa.

Ya buɗe, ya juya shi, ya shafa ɗinkin da yatsa. Sai ya haɗa hannu biyu ya ɗan rusuna.

"Madalla, Malama, an gode. Allah ya saka da alheri."

Washegari ya kawo mini ledar dabino, mai kyau, irin na Gidimuni. Na karɓa, na dubi hannunsa. Baƙin madaurin yana nan yana lilo. Ban tambaye shi ina nawa ba. Na riga na ji amsar a bakin Iya: yana ɗaki, an adana shi.

A makon ne kuma, muna filin shanya, agogon ya zame ya kusa faɗawa cikin kwandon tumatir. Bafulatana ta ce, "Wannan agogon na kakanka ne? Kawo nan kafin ya faɗa rijiya a ce Fulani sun sace." Ta cire shi daga hannunsa, ta ɗora madaurin a kan itace, ta sami ƙusa da dutse ta ƙwanƙwasa masa rami ɗaya, karkatacce. Ta jefa masa. Ya ɗaura, ya girgiza hannu, ya zauna daram.

"Kai, ashe 'yar daji na da amfani."

Ina riƙe da fensir, ina zana ƙafar gadon shanya. Na danna har bakinsa ya karye.

Da zaɓe ya zo, ita shef ya zaɓa. Ya yi mini kara, bai bar ni na ji a bakin Madam ba. Ya same ni ni kaɗai ya ce, "Malama, kin san aikin can rana ne da ƙura. Ke kuma hannunki a nan ya fi amfani, ke za ki haɗa mana rahoton." Na ce haka ne, Allah ya ba da sa'a. Ya ce amin, ya gode da fahimta. Zanena ya sami makin da ya fi na kowa a aji, Madam ta manna shi a bangon buro ɗinta, wato ofis. Na tsaya a gabansa ina kallo, ko daɗi ban ji ba.

Hutun nan a Birni na yi shi, a ɗaki. Na jawo kwalin yayata na sake bin littattafan ɗaya bayan ɗaya, ina neman inda aka taɓa yin haka, inda 'yar rakiya ta tafi bakin tafki aka bar mai fararen kaya a gida. Ban samu ba. In la'asar ta yi nakan san cewa yanzu rana tana kan ruwa a can, kuma ba neman kalma yake ba, zagi suke. Yayata ta ce in bar shi, zai gaji da hayaniya ya dawo neman natsuwa. Wannan karon ban kai maganarta ko'ina ba.

Da aka koma karatu Bafulatana ta zo har gida, ta yi baƙi ta rame, ta kawo mini ƙullin kauɗa ja wur, ba yashi ko ƙwaya. Ta ce Iya na gaishe ni, kuma akwatina ya yi suna, duk amaryar da aka yi a garin sai an ara an jera mata turare. Na karɓa da hannu biyu na ce madalla, an gode. Inna ta yi miya da ita. Miyar ta yi daɗi, na ci ina jin haushi.

Shekaru sun wuce. Ina aiki yanzu a wani buro, ina zana hotunan faɗakarwa, ina da gidana da 'ya'yana, littattafan ma na bar wa ƙannena. Labarin auren shef da Bafulatana a bakin mutane na ji shi, an ce ranar ɗaurin aure dangin ango da na amarya sun zagi juna har liman ya yi dariya. Ban je ba, na ce ba ni da lafiya.

Sanyin da ya wuce na gan shi a bakin kasuwa. Shi ke kai ɗaliban darasin manne-manne ƙauye yanzu, Madam ta bar masa. Ya yi ƙiba, gashin gaba ya tafi. Yana kan moto, babur ɗinsa, tana bayansa da goyo da buhun kauɗa a tsakaninsu, tana yi masa faɗa a kan ramin da ya faɗa. Da ya gan ni ya kashe moto ya sauko, ya gaishe ni a tsaye, Malama ya gida, Malama ya yara. Ya ɗaga hannu zai gyara hula, hannun riga ya zame. Agogon nan ne. Madaurin ja ne, ya dafe ya yi duhu don gumi, amma na gane ɗinkina.

Ta ga inda nake kallo. "Ke kika yi, ko? Ai na gane hannunki. Baƙin ne ya tsinke, ina bincike a akwatinsa na same shi a naɗe cikin takarda. Na ce wane wawa ke ɓoye abu mai kyau haka, sai Babarbare." Ta kamo hannun nasa ta juya mini. "Amma fa ya yi masa kaɗan, 'yar Birni. Bawan nawa ya ci ya ƙoshi. Sai da na ƙara rami."

Ga shi nan kuwa a can ƙarshen fatar, bayan ramukana da ke jere, wani karkatacce na ƙusa, kuma a cikinsa aka ɗaura.

Ya yi 'yar dariyar kunya, ya ce a gaida gida. Ya hau ya tayar da moto, ta ɗaka masa duka a kafaɗa ta ce ya bi a hankali, kayan mutane ya ɗauko. Ya ce wane mutane, shi shanu ya ɗauko. Ina jin su har suka sha kwana.